Bakan Ƙafa Da Gwame: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Sa Wa Yaro Takalmin Ƙarfe

Duk wanda ya saba cin kasuwannin karkara a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, tun daga Galma Kudawace da ke cikin gundumar Madawa har zuwa Buza da Keita, da wuya ya tashi kasuwa bai ga yaro ko yarinya mai lanƙwasasshiyar ƙafa ba, yana biye da uwarsa yana tafiya yana rangaji. Wani gwiwoyinsa ne suka buɗe suka yi nesa da juna kamar baka, shi ne ake kira bakan ƙafa. Wani kuma gwiwoyin ne ke gogar juna alhali sawayen sun ware, shi ne gwame, ko da yake wasu kan haɗa su duka biyun su ce musu gwame. Haka abin yake a kasuwannin Sakkwato da Katsina da Kano, domin matsalar ba ta san iyakar ƙasa ba.

Sanin kowa ne cewa a kasuwa shawara kyauta ce, kuma ba ta yankewa. Uwar irin wannan yaro kafin ta sayar da kwano biyu na gero ta sha shawara kala-kala. Wannan ta ce yawan goyo ne ya buɗe masa ƙafa, waccan ta ce an yi gaggawar tsayar da shi ne, wata ta ce a riƙa gasa masa da ruwan zafi ana matsawa da man shanu, wani dattijo ya ce a kai shi wajen mai ɗori a ɗaure da kara. A 'yan shekarun nan kuma an sami ƙarin wata shawarar, wato a nemo masa takalmin ƙarfe, ko dai a sayo a cikin kayan gwanjo, ko kuma a kai wa mai walda da baduku kwatance su haɗa.

A kan wannan shawara ta ƙarshe muke son mu tsaya a yau, saboda tana cin kuɗi, tana kuma cin lokaci, wanda ya fi kuɗin tsada. Takalmin ƙarfe magani ne na gaskiya, amma na wata cuta guda ce a cikin abubuwa da yawa da ke lanƙwasa ƙafar yaro, kuma ko a wannan cutar ma yana da shekarun da yake aiki. Wanda ya sa wa ɗansa shi ba tare da an gano musabbabin lanƙwasar ba, daidai yake da wanda ya sayi buhu a ɗaure bai buɗe ya ga abin da ke ciki ba.

Ba kowace lanƙwasa ce cuta ba

Da farko dai bari mu wanke iyaye mata daga zargi. Goyo ba ya kawo bakan ƙafa. Da yana kawowa, da babu Bahaushe ko ɗaya mai miƙaƙƙiyar ƙafa, tunda dukanmu a baya aka rene mu. Abin da likitocin ƙashi suka tabbatar shi ne, kusan kowane jariri da ɗan bakan ƙafa ake haihuwarsa saboda irin zaman da ya yi a ciki. Ƙafar takan miƙe da kanta tsakanin wata 18 zuwa shekara 2. Daga nan sai ta zarce ta ɗaya ɓangaren, yaro ya yi ɗan gwame wanda ya fi fitowa fili a shekara 3 zuwa 4, sannan a hankali ta dawo daidai wajen shekara 7 ko 8. Wannan hanya ce da Allah Ya tsara wa ƙashi, ba ta buƙatar takalmi ko ɗauri ko gashi. Hasali ma a ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana sa wa irin waɗannan yara takalma na musamman, daga baya bincike ya nuna cewa waɗanda ba a sa wa komai ba su ma ƙafafunsu sun miƙe, sai aka daina. A nan ne kuma masu sayar da magani ke cin bulus, domin yaron da dama zai miƙe da kansa, duk abin da aka shafa masa ko aka ɗaura masa shi ne zai kwashi yabo.

To yaya uwa za ta bambance? Ba sai ta je nesa ba, tef ɗin awo na tela ya wadatar. A tsayar da yaro a haɗe idon sawunsa biyu, a auna tazarar da ke tsakanin gwiwoyi. Idan ta haura santimita 6, to a nuna wa likita. Ga mai gwame kuma sai a haɗe gwiwoyin a auna tsakanin idon sawu, idan ya haura santimita 8 shi ma abin dubawa ne. A rubuta awon da ranar da aka yi shi, kamar yadda ake rubuta bashi, a sake aunawa bayan wata 3. Mai waya kuma ta ɗauki hoton yaron a tsaye a wuri guda kowane lokaci. Ido yana yaudara, musamman idon uwa da ke ganin ɗanta kullum, amma tef ba ya ƙarya.

Akwai kuma alamun da ba a jiran awo a kansu. Idan ƙafa ɗaya ce kawai ta lanƙwashe, ko bakan yana ƙaruwa bayan yaro ya cika shekara 2, ko yana kukan ciwo in ya yi tafiya, ko yana ɗingishi, ko ya yi jinkirin tafiya, ko sa'o'insa duk sun kere shi tsawo, to wannan ba girma ba ne, akwai abin da ke faruwa.

Ƙashin da bai ƙoshi ba

A yankunanmu babban abin da ke lanƙwasa ƙafar yara shi ne laushin ƙashi, wanda likitoci ke kira rikets. Ƙashin yaro kamar ginin bulo yake, yana buƙatar siminti kafin ya ɗauki nauyi, simintin nasa kuwa shi ne sinadarin kalsiyam, sai kuma bitamin D wanda ke taimaka wa hanji ya tsotse shi daga abinci. Idan ɗayansu ya yi ƙaranci sai ƙashin ya riƙa tsawo ba tare da ya yi ƙwari ba, nauyin jiki kuma ya danne shi ya lanƙwashe. Irin wannan yaro za a ga wuyan hannunsa ya yi kauri kamar an sa masa warwaro a ƙarƙashin fata, haƙarƙarinsa ya yi 'yan ƙulle-ƙulle a jere kamar carbi, maɗigarsa ta daɗe ba ta rufe ba, ga yawan son zama da ƙin wasa.

Shekaru da dama an ɗauka cewa wannan cuta ta ƙasashen sanyi ce, inda rana ba ta fitowa sosai, domin fatar mutum daga hasken rana take haɗa bitamin D. Sai abin ya ɗaure wa likitoci kai, me zai kawo ta a ƙasar da rana ke dafa ƙwai? Amsar daga Jos ta fito. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa sun bibiyi yara 123 masu laushin ƙashi, suka raba su kashi uku: wasu aka yi musu allurar bitamin D kawai, wasu aka ba su kalsiyam miligiram 1,000 a kullum, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun. Bayan mako 24, waɗanda suka warke ko suka kusa warkewa a cikin masu shan kalsiyam sun kai kashi 61 cikin 100, masu haɗin biyu kashi 58, amma masu bitamin D kaɗai kashi 19 ne kacal. An buga wannan sakamako a 1999 a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, kuma ya sauya yadda duniya ke kallon cutar. Binciken ya kuma gano cewa abin da yaran ke samu na kalsiyam a abincinsu bai wuce kimanin miligiram 200 a rana ba. A 2016 masana daga ƙasashe da dama sun yi matsaya cewa yaron da ya wuce shekara 1, idan yana samun ƙasa da miligiram 300 a rana yana cikin haɗari, abin da ya wadatar kuwa shi ne sama da 500.

Wannan lissafi ya shafe mu kai tsaye, mu da ke saye da sayarwa a kasuwa, domin maganin yana shimfiɗe a kan tabarmin 'yan kasuwa. Gero da dawa da masara suna cika ciki suna ba da ƙarfi, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne, bugu da ƙari akwai wani sinadari a cikin dusarsu da ke riƙe ɗan wanda ake da shi ya hana hanji tsotsewa. Yaron da aka yaye aka bar shi da kunu da tuwo da farau-farau safe da yamma zai iya ƙoshi alhali ƙashinsa na jin yunwa. Kofi ɗaya na madarar shanu, kamar rubu'in lita, yana ɗauke da kimanin miligiram 300. Nono ma haka yake, kuma kaɗe shi da ake yi a cire mai ba ya rage masa kalsiyam. Abin da ke rage shi shi ne ruwa. Muna roƙon masu tallar nono, da masu dama fura a bakin kasuwa, su ji tsoron Allah a wannan wuri, musamman da rani lokacin da shanu suka yi nisa nono ya yi tsada: ƙwaryar da aka tsinka da ruwa ta ninka biyu, rabin abincin ƙashi ke nan aka kwashe wa yaron da za a dama wa.

Mutanen Tawa kuma suna da wata dukiya da ba kowa ke da ita ba, wato cuku, wanda ke daɗewa bai lalace ba, ana iya daka shi a zuba wa yaro a kunu. Ga ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu, domin a cikin ƙayar amfanin yake, wadda ta tsince ƙayar ta zubar ta zubar da maganin. Ga garin kuka da zogale da riɗi. Masu binciken Jos ɗin sun ma gwada dakakken busasshen kifi da garin dutsen farar ƙasa da aka auna, suka wallafa a 2015 cewa dukansu sun warkar da laushin ƙashi. Sai dai wani hanzari ba gudu ba, kada wani ya ji haka ya nufi Malbaza inda ake haƙar dutsen siminti ya ɗebo ya daka wa yaro. Nasu an tantance shi an kuma auna shi a asibiti. Haka nan kanwa ba kalsiyam ba ce, dangin gishiri ce, zuba ta da yawa a kunun yaro ba ya ƙara wa ƙashi komai.

Abin da ya sa muka daɗe a nan shi ne, yaro mai laushin ƙashi ba takalmin ƙarfe yake buƙata ba. Idan cutar ta riga ta kama shi, abinci kaɗai ba lalle ya isa ba, likita zai rubuta masa kalsiyam da bitamin D na tsawon watanni, a kuma ci gaba da gyara masa cimarsa. Da zarar ƙashin ya yi ƙwari, ƙananan yara da dama ƙafafunsu kan miƙe da kansu sannu a hankali cikin shekara 1 zuwa 2. Amma a ɗaure lallausan ƙashi da ƙarfe a bar yunwar da ta lausasa shi, wannan an bar jaki ne ana dukan taiki.

Darasin Tibiri

Wani lokacin kuma ba daga tukunya matsalar take ba, daga randa take. Mutanen Maraɗi ba za su manta da abin da ya faru a Tibirin Gobir ba, inda aka shafe shekaru tun daga tsakiyar shekarun 1980 ana shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita, na Tibiri kuwa ya ninka haka. Sakamakon haka ɗaruruwan yara suka taso da lanƙwasassun ƙafafu da rinannun haƙora, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Nijar, ANDDH, tare da takwararta ta ƙasa da ƙasa, FIDH, suka fitar da rahoto a kan lamarin a 2002. Don haka idan aka ga yara da yawa a unguwa ɗaya ko ƙauye ɗaya sun lanƙwashe, haƙoransu kuma sun yi ja-ja ko dabbare-dabbare, to ba maganar gida ɗaya ba ce. Mai gari da magajin gari ya kamata a sanar, a nemi a auna ruwan da ake sha. Babu takalmin da zai yi maganin rijiya.

Inda takalmin ke da rana

Cutar da aka fi sa wa takalmin ƙarfe saboda bakan ƙafa ita ce wadda ake kira cutar Blount, sunan wani likitan Amurka, Walter Blount, da ya yi bayaninta a 1937. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifai na guringuntsi wanda daga nan ƙashin ke tsiro yana ƙara tsawo. A wannan cuta, gefen ciki na faifan da ke saman ƙwauri, daf da gwiwa, shi ne ke danƙarewa ya rage tsiro, gefen waje kuma ya ci gaba da girma, sai ƙafar ta karkace daga ƙasan gwiwa. An fi ganinta a yara masu ƙiba da waɗanda suka yi saurin tafiya, sau da yawa kuma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Ido ba ya iya raba ta da bakan ƙafa na girma ko na laushin ƙashi, sai an ɗauki hoton ƙashi. Shi ya sa muke cewa kuɗin farko da za a kashe na hoto ne, ba na ƙarfe ba.

Idan hoto ya nuna cutar tana matakin farko, yaron kuma bai cika shekara 3 ba, a nan ne likita kan gwada takalmi. Ko a nan ma likitocin ƙashi ba su haɗu a kan cewa yana yi wa kowa aiki ba, gwaji ne da ake yi ana sa ido. Takalmin yakan taso tun daga saman cinya har tafin ƙafa, da sandar ƙarfe a gefen ciki. Dabarar aikinsa irin ta mai miƙe sanda ce: a tokare sama a cinya, a tokare ƙasa a idon sawu, sai maɗauri mai faɗi ya jawo gwiwa zuwa ciki. Ba wai yana lanƙwasa ƙashin da ƙarfin tsiya ba ne, yana ɗauke nauyi ne daga gefen da ya danƙare don ya sami sararin tsiro. Saboda haka amfaninsa ya fi yawa a lokacin da yaro ke tsaye yana tafiya, wanda ake sa wa da dare kawai a cire da safe an rage masa aiki. Likita ne zai faɗi awa nawa za a sa a yini, a kuma bi abin da ya ce.

Haɗa shi sana'a ce mai zaman kanta da ake karanta ta a makaranta. Mai haɗawar zai auna tsawo da kaurin cinya da ƙwauri, sau da yawa ya naɗe ƙafar da filasta ya fitar da siffarta, ya zuba ya sami gunkin ƙafar yaron, sannan a kan wannan gunki ya narka roba mai tauri ya lanƙwasa ƙarfen. Ranar karɓa ba a miƙa wa uwa takalmi a leda a ce ta tafi. Sai an sa wa yaron an tsayar da shi, an ga ya taka, an duba ko bakin takalmin na sama yana cin matsematsinsa, ko dunduniya ta zauna daram a mazauninta, ko ƙarfe na gogar ƙashin idon sawu. Uwa ta sa shi ta cire da hannunta a gaban mai haɗawar har sai ta iya, ta kuma sa a yi mata alama da biro a kan kowane maɗauri inda ya kamata ya tsaya. Kada ta ji kunyar tambaya. Wadda ke iya ja-in-ja a kan farashin buhun albasa ba za ta kasa tambayar yadda ake ɗaura wa ɗanta takalmi ba.

A gida ana farawa da ɗan lokaci ne ana ƙarawa kullum har fata ta saba. A sa doguwar safa ta auduga a ƙarƙashi, busasshiya, marar tattara, domin ƙaramin ninki a cikin safa ya isa ya fasa fata. Duk lokacin da aka cire a duba ƙafar tun daga cinya har yatsu. Ɗan ja a inda maɗauri ya zauna ba komai ba ne, muddin ya baje cikin minti 20 zuwa 30. Idan ya wuce haka bai baje ba, ko bororo ya fito, ko yatsu sun kumbura ko sun yi sanyi, a cire a koma wajen wanda ya haɗa. Kada a cusa tsumma don a rage zafi, domin tsumman ƙara matsi yake yi, kada kuma a kai wa mai walda ya buɗa shi. A ƙasa irin tamu, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, akwai ƙarin kulawa: takalmin da aka bari a rana ƙarfensa na iya ƙona fata, robarsa kuma ta sauya siffa. Yashi kan shiga tsakanin roba da fata ya riƙa gurza, don haka a riƙa goge shi da ɗanyen tsumma a shanya a inuwa. Kada a shafa mai a inda maɗauri zai zauna, domin yana sa fata ta yi laushi ta saɓule.

Babban abin da ke kayar da iyaye shi ne komawa. Yaro ɗan shekara 2 girma yake yi kamar dawa da damina, takalmin da ya yi masa daidai yau, bayan wata 2 ko 3 ya yi masa gajere, maɗaurin gwiwa ya sauka daga inda aka nufa ya koma danna inda ba a so. Shi ya sa ake ba da ranar dawowa, a ƙara tsawon ƙarfen, a sake lanƙwasa shi gwargwadon yadda ƙafar ta miƙe, a kuma sake hoto lokaci-lokaci. Idan aka kai kimanin shekara guda babu canji, ko yaro yana neman cika shekara 4 ƙafar ba ta daidaita ba, to takalmi ya gama nasa, sai tiyata, kuma wadda aka yi da wuri ta fi wadda aka jinkirta samun nasara. Mun san abin da komawa ke nufi ga mai ƙaramin jari: a rufe rumfa, a biya mota, a nemi mai tsaron sauran yara. Amma duk wadda ta san ba za ta iya komawa ba, gara ta faɗa wa likita tun ranar farko don a duba wata hanyar, da a karɓi takalmi a rataye a ƙusa.

Game da gwame kuwa maganar gajeriya ce. Na girma ba ya buƙatar komai, na laushin ƙashi maganinsa kalsiyam da bitamin D, wanda ya yi tsanani ya ƙi tafiya bayan shekara 8 kuma aikin likitan tiyata ne. Takalmi ba shi da wani babban tasiri a kansa.

Ga 'yan'uwanmu masu buɗe dila, takalman da ke fitowa a cikin gwanjo an yi su ne a kan awon wani yaro a wata ƙasa, watakila ma don wata cuta daban. Akwai na masu shan inna, wanda aikinsa tallafa wa ƙafar da ta shanye ne don a iya takawa, ba miƙar da ƙashi ba. Akwai kuma mai takalma biyu haɗe da sanda, na jariran da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe, wanda ake sa wa bayan an gama gyara ƙafar da filasta. Kowanne da aikinsa. Sayar wa uwa ɗayansu a ce zai miƙe bakan ƙafa cin haram ne, haka ma bel ɗin roba da ake tallarsa a waya ana cewa yana miƙe ƙafar manya. Wanda ya gama girma faifan tsironsa ya rufe, babu ɗaurin da zai motsa ƙashinsa. Ko takalmin wa ba a sa wa ƙane sai an kai an sake aunawa.

Ina za a nufa?

Ga mutumin Galma, matakin farko shi ne gidan likita mafi kusa, daga nan a tura shi asibitin gunduma a Madawa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta, don haka a tafi da katin yaron a kuma tambayi abin da ke cikin tsarin. Akwai kuma asibitin mishan na Galmi da ke kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, wanda aka buɗe a 1950, inda ake ɗaukar hoton ƙashi ana kuma yin tiyata, har daga Najeriya ake zuwa. Baƙi su lura, Galmi mai albasa daban, Galma daban, kada direba ya sauke mutum inda bai nufa ba. A Yamai, kimanin kilomita 500 daga Madawa, akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010 musamman don irin waɗannan matsaloli, wato bakan ƙafa da gwame da murɗaɗɗen tafin ƙafa da tsagaggen leɓe, wanda ya yi suna wajen yi wa yara aiki ba tare da karɓar kuɗin tiyata ba. A ɓangaren Najeriya kuwa akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da aka kafa a 1959, mai sashe na musamman na haɗa takalman gyara da ƙafafun roba, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kafin a ɗauki doguwar hanya a nemi takardar turawa, a kuma bincika ranar da ake ganin masu irin wannan larura.

Kalmar tiyata na tayar wa iyaye hankali, amma an sami ci gaba sosai. Ga yaron da bai gama girma ba, akan ɗan tsaga gefen gwiwa a ɗora wani ƙaramin faranti na ƙarfe da ƙusoshi biyu a kan gefen faifan da ya fi saurin tsiro, a riƙe shi har ɗaya gefen ya kamo. Ba a karya ƙashi, yaro kan soma takawa cikin 'yan kwanaki, ƙafar kuma ta miƙe a hankali cikin watanni. Wannan dabara sai kafin tsiro ya tsaya take aiki, wato wajen shekara 14 ga 'ya mace da 16 ga namiji, abin da ke nufin uwar da ta bari sai an fara maganar auren 'yarta sannan ta tuna da ƙafar, ta rasa hanya mai sauƙi. Abin da ya rage shi ne a yanke ƙashin a daidaita shi a sa filasta na makonni, aikin da ya fi girma ya kuma fi jinya. Barin ƙafar a haka kuma ba tsokanar sa'o'i kawai zai jawo ba, nauyi yakan taru a gefe ɗaya na gwiwa ya cinye ta tun mutum bai tsufa ba.

Shi ma farantin yana da nasa sharaɗin. Ba ya sanin ƙafa ta miƙe ya tsaya da kansa, sai likita ya cire shi. Yaron da aka sa wa aka tafi ba a dawo ba, mai bakan ƙafa na iya zarcewa ya koma mai gwame. Akan ba da ranar dawowa kamar duk bayan wata 3, don haka mai shirin wannan aiki ta lissafa kuɗin mota na zuwa da yawa tun kafin a fara, ta tsara kwasar adashinta ko cinikin kakar albasa a kan haka, ta kuma adana hotunan ƙashi na baya a cikin leda inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba, domin da su likita zai gwada na yau.